Wai an watsa farar ƙasa ruwa ya gyaru, to ina lakar take?

Tun ranar da madatsar dagwalon kamfanin Sino-Metals mai sarrafa jan ƙarfe ta ɓalle a Chambishi ta ƙasar Zambiya, 18 ga Fabrairun 2025, akwai abu ɗaya da ya tsaya min a wuya ya ƙi wucewa. Kowa ya ga labarin, jiragen sojin saman Zambiya na shawagi a saman kogin Kafue suna zazzaga ɗaruruwan tan na farar ƙasa, ga jiragen ruwa masu gudu suna ta kai da komo suna watsawa, mutane kuma na ta sambarka wai an ɗauki matakin gaggawa. Lita miliyan 50 na ruwan asid aka ce ya kwarara da farko, aka rufe famfon birnin Kitwe, aka riƙa ganin matattun kifaye har nisan kilomita 100. Bayan wata shida da ofishin jakadancin Amurka ya ce ma'aikatansa su tattara su bar yankin, amsar da gwamnati ta bayar ita ce ai an auna, pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsaminsa da 7 ke tsakiya, ƙasa da 7 asid ne sama da 7 kuma kishiyarsa, ya dawo daidai. Shikenan fa. Kuma abun haushin wannan amsar ba ta Zambiya ba ce kaɗai, ita ce amsar da manajojin masana'antu ke bayarwa a ko'ina a duniya da zarar an tambaye su ruwan da suke saki, sai ka ji an ce ai muna zuba farar ƙasa, ga takardar awo nan pH ɗinmu 7 ne, kamar dai wannan lambar ita ce shaidar cewa ruwa ya tsarkaka.

Ni ba ni da faɗa da farar ƙasa, a fahimce ni. Gaskiya da wuya ka samu sinadarin da ya yi wa harkar gyaran ruwa hidima kamarta. Tun 1841 wani farfesa a Aberdeen mai suna Thomas Clark ya yi rajistar hanyar tausasa ruwa da ita, kuma har yau ba a daina ba. Dutse ne ake fasowa a ƙona shi a zafin da ya kai wajen digiri 900, ya zama ƙonanniyar farar ƙasa, a jiƙa ta da ruwa ta yi ta huci tana tafasa, sannan a dama ta kamar madara a riƙa ɗura ta cikin ruwan datti. Tana da araha, kusan kowace ƙasa na da dutsenta, ba ta buƙatar wani injin da sai an tashi injiniya daga wata nahiya kafin a gyara shi. Haka kuma ban ga laifin wanda ya ba da umarnin a watsa ta a kogi a ranar da abin ya faru ba, ai wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Faɗana da masu tsayawa daga nan ne su ce an gama.

Aiki biyu farar ƙasa ke yi. Na farko tana kashe kaifin asid, wannan kam da gaske ne, asid ɗin batir in ya haɗu da ita abin da ke fitowa ruwa ne da jifsam. Na biyun shi ne wanda ake yi wa mutane rufa-rufa a kai. Jan ƙarfe da tutiya da dalma da nikel da kadmiyom da ke narke a cikin ruwan asid, in tsamin ya ragu sai su daina zama a narke, su dunƙule su zama ƙananan gudaji su kwanta a ƙasa. Kwanciya suka yi. Ba su ƙone ba, ba su ruɓe ba, ko giram ɗaya bai ɓace ba, domin ƙarfe ba ƙwayar cuta ba ce da za a ce an kashe ta. Duk dalmar da ta shiga tanki tana nan, wuri kawai ta canza, daga cikin ruwa ta koma cikin laka.

Shi ya sa a matatar da aka gina tsakani da Allah, zuba farar ƙasa shi ne mafi sauƙin aiki a ciki. Akwai tankin da ake tara ruwan a gauraya shi don kar na safe ya bambanta da na dare, akwai tankin da ake ɗura madarar farar ƙasar ana juyawa ana ba ta lokaci saboda ba ta da saurin narkewa, lita ɗaya ta ruwa ko giram 2 ba ta iya narkarwa, wani lokacin a busa iska a ciki don baƙin ƙarfen da ke narke ya yi tsatsa ya kwanta da wuri, a ƙara wani sinadari mai danƙo da ake kira folima don gudajin su haɗu su yi nauyi, sannan a wuce da shi babban tanki mai faɗi inda laka za ta nutse ruwa mai haske ya tsiyaye ta sama. Daga nan a jawo lakar ta ƙasa a kai ta injin matsa, a fitar da ita kamar ƙosasshen yumɓu a kai ta ramin da aka shimfiɗa wa leda da yumɓu don kar ta tsiyaya cikin ƙasa. Wannan rabuwar, ruwa gefe laka gefe, ita ce tacewar. To kogi fa? Wa zai jawo laka daga ƙasan kogin Kafue da ya haura kilomita 1,500, wanda kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen Zambiya ke zaune a yankinsa? Abin da aka yi shi ne an sauko da ƙarafan daga cikin ruwa an shimfiɗa su a gindin kogi da bakin gaɓa, daidai inda ƙananan halittun da kifi ke ci suke rayuwa, daidai inda ambaliya za ta kwashe ta baza a gonaki.

Kuma kwanciyar ba ta har abada ba ce. Farar ƙasar da ta yi saura tana shaƙar iskar kabon ta koma dutsen da take tun asali, ƙarfinta ya ragu, ruwan sama ya zo ya wanke saura. Tarkacen ma'adinai kuwa sau da yawa yana ɗauke da duwatsu masu ƙibiritu a jiki, waɗanda in suka sha iska suka sha ruwa sabon asid suke haifarwa da kansu, a hankali, shekara da shekaru. Da zarar tsami ya dawo, tutiya da kadmiyom da nikel su ne kan gaba wajen sake narkewa. Mutanen Sifaniya sun san wannan, shi ya sa da madatsar Aznalcóllar ta fashe a Afrilun 1998 kusa da gandun Doñana, dagwalon ya malale sama da hekta 4,000, ba su tsaya a kan awon ruwa ba, motoci da katafila suka sa aka yi wata da watanni ana kankare lakar daga ƙasa ana kwashewa. Aiki ne mai tsada mai ban gajiya wanda ba ya kyau a hoto kamar jirgin sama. Ga shi a batun Kafue ma adadin abin da ya zube ba a daidaita a kai ba, kamfanin Drizit na Afirka ta Kudu da aka ɗauko ya tantance ɓarnar ya ce abin ya kai tan miliyan 1.5, Sino-Metals ya ƙaryata ya kuma soke kwangilar. In har ana jayayya a kan yawan abin da ya fita, don Allah ta yaya awon tsamin ruwa zai zama hujjar cewa an tsira?

Bari ma mu bar kogi mu koma cikin masana'anta, inda ake da tanki da komai. Ko a nan lambar pH yaudara ce in aka ɗauke ta ita kaɗai. Kowane ƙarfe da inda yake kwanciya. Baƙin ƙarfen da ya riga ya yi tsatsa tun wajen 4 yake sauka, kuromiyom na jimar fata yana son wajen 8, jan ƙarfe wajen 9, nikel sai an haura 10, kadmiyom sai wajen 11. Wato ruwan da ke kan 7 cif, wanda ake ɗaga takardarsa ana nuna wa 'yan jarida, yana iya kasancewa ɗauke da nikel da kadmiyom da manganis a narke, garau da shi kamar ka sha. Sai wani ya ce to a ƙara farar ƙasar mana a wuce wurin. Nan ma an gudu ba a tsira ba, don tutiya da dalma da alminiyam da kuromiyom suna da wani hali, in kaifin farar ƙasar ya yi yawa sai su sake narkewa su bi ruwa. Masana'antar da ruwanta ke da ƙarafa iri-iri dole ta yi aikin hawa biyu, a kwantar da wasu a cire lakarsu, a ɗaga a kwantar da saura, sannan a sauko da ruwan zuwa tsakanin 6 da 9 kafin a sake shi. Nawa ne ke yin haka?

Sannan wannan tunanin na cewa asid ne kaɗai mugu, kishiyarsa kuma magani ce, shi ma ya kamata a ajiye shi. Ruwan da ya ƙoshi da farar ƙasa yana kai wa pH 12.4, yana ƙona fata, yana makantar da ido, yana mai da amoniyar da ke cikin ruwa ta koma nau'in da ke kashe kifi nan take. A Oktoban 2010 da tafkin jar laka na masana'antar alminiyam ya fashe a Ajka ta ƙasar Hungary, ba asid ne ya kashe mutum 10 ba, laka ce mai kaifin soda da ta kai wajen 13, kuma abin da aka riƙa zubawa a kogin Marcal don a ceto shi jifsam ne da asid. Duk wanda ke zazzaga buhu a kwata da ido ba tare da awo ba, wata gubar yake ƙarawa a kan wata.

Akwai kuma jerin abubuwan da farar ƙasa ko kallo ba ta ishe su ba. Nau'in kuromiyom da ake kira mai hawa shida, mai jawo cutar kansa, wanda ya gurɓata rijiyoyin garin Hinkley a Kalifoniya har aka biya diyyar dala miliyan 333 a 1996, ko tirela guda ka juye masa yana nan a narke, sai an fara sauko da ruwan zuwa pH 2 ko 3 an sa masa wani sinadarin da zai juya shi ya koma mai hawa uku, sannan farar ƙasa ta iya kama shi. Sayanayid na masu wankin ƙarfe da masu tace zinariya sai an karya shi da kulorin tukuna, in ba haka ba riƙe ƙarafan yake yi ya hana su kwanciya. Zaiba ba ta jin farar ƙasa sosai. Asenik yana kamuwa amma kamun bai da ƙarko in babu baƙin ƙarfe a tare, iska na taɓa lakar ya fara saki. Salfet kuwa, tunda jifsam kansa yana ɗan narkewa, ruwan kan fita da miligiram 1,500 zuwa 2,000 a kowace lita, ninkin ba ninkin abin da harshe ke jurewa a ruwan sha. Gishiri yana nan yadda yake. Dattin da ke ruɓewa, irin na mayanka da masana'antun abin sha, ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye shi, kuma in ka tura musu ruwa mai kaifin farar ƙasa su za ka fara kashewa.

Majemu su ne suka fi ba ni mamaki in na ji an ce wai ana gyara ruwansu da farar ƙasa. Ai da farar ƙasa da salfayid ake cire gashin fatar tun farko, ruwan wannan sashen ya riga ya yi kaifi, me za ka ƙara masa? Ruwan sashen jima da kuromiyom shi ne mai tsami, kuma in aka bari biyun suka haɗu a kwata ɗaya iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi, wadda ta sha kashe leburori a cikin ramuka da tankuna. Raba su ake yi, a kwantar da kuromiyom ɗin shi kaɗai a sake narkar da shi a mayar cikin aiki, an san wannan dabarar shekaru da yawa, kuma kuɗi take dawo wa mai masana'anta da shi. Amma raba kwata yana buƙatar a fasa siminti, buhun farar ƙasa kuwa yaro ɗaya ya isa.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya riƙe, kuma ba sai ka yi digiri ba. Tan ɗaya na asid ɗin batir zalla, wanda ba a surka da ruwa ba, yana cin kusan kashi uku cikin huɗu na tan na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, ya haifar da jifsam tan 1.75 a bushe, ban da ƙarafan da suka kwanta tare da shi. Amma laka ba a bushe take fitowa ba. A tsohuwar hanya abin da ke fitowa daga ƙasan tanki da kyar daskararren cikinsa ke kai kashi 5 cikin 100, saura duk ruwa ne, wato wancan tan 1.75 ya zama tan 35 na caɓi. In aka yi amfani da hanyar da ake dawo da tsohuwar laka a gauraya ta da sabuwar farar ƙasa kafin ta taɓa ruwan, gudajin su yi ta girma a kan juna, ana iya kai wa kashi 25 ko fiye, nauyin ya sauko wajen tan 7. Ko ta wace hanya dai laka dole ce. Masana'antar da ke tace ruwa da farar ƙasa da gaske, motoci na fita daga cikinta da laka a kai a kai, tana da ramin zubarwa, tana da takardun biyan kuɗin ramin. A Amurka lakar masu yi wa ƙarfe wanki da lantarki har lamba gare ta a jerin shara mai haɗari, F006, ba ka isa ka juye ta a bayan katanga ba. Saboda haka duk manajan da ya ce maka yana zuba farar ƙasa shekara biyar amma ya kasa nuna maka tudun laka ko rasiɗin kwashe ta, wallahi ɗayan biyu ne, ko ba ya zubawa sai ranar da ya ji jami'an duba muhalli na tafe, ko kuma yana zubawa lakar na bin bututu da daddare tana tafiya inda ruwan ke tafiya tun da. Na biyun ya fi muni, don shi yana da takardar da ke wanke shi.

Kuma su kansu hukumomin da ke dubawa suna da nasu kason. Auna pH minti ɗaya ne, takarda ce ka tsoma ta canza launi, auna kadmiyom kuwa sai an kai ɗakin gwaji mai injin kirki, sai aka zaɓi mai sauƙin aka mai da shi ma'auni. Ko na'urar awon da ke maƙale a tanki ma jifsam na lulluɓe bakinta, in ba a wanke ta ana daidaita ta a kai a kai ba sai ta yi ta nuna lambar jiya tana ba famfo umarnin banza, bututun madarar ya toshe da dutse ba wanda ya lura. Kwalba ɗaya da aka ɗiba da hantsi ranar da kowa ya san za a zo, ita ce ake rubuta rahoton wata uku a kanta.

Na san masu cewa farar ƙasa tsohon yayi ce a koma injin RO, wanda ke matsa ruwa ta cikin siririyar matata yana ware gishiri da datti gefe, su je su tambayi matatar eMalahleni ta Afirka ta Kudu da ke mai da ruwan ramin kwal ya zama ruwan sha tun 2007 me take fara zubawa kafin ruwan ya isa wurin RO ɗin, kuma su faɗa mana inda za su kai ruwan gishirin da injin ke tofarwa. Masu cewa a koma soda don lakarta ba ta da yawa, tsadarta kaɗai ta isa ta sa a riƙa kashe famfo in dare ya yi. Masu cewa ƙona farar ƙasa na fitar da hayaƙin kabon, gaskiya ne, kusan kilo 785 a kowane tan tun kafin a lissafa makamashin ƙonawa, amma ban ga wanda zai sha dalma don a rage hayaƙi ba. Masu cewa a rufe masana'antun gaba ɗaya kuwa ba su da niyyar a yi komai ne.

Abin da nake ganin ya kamata ba wani abu ne mai wuya ba. A daina karɓar pH shi kaɗai a matsayin shaida, a riƙa auna ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, a ruwa da kuma lakar gindin rafin da ake sakin ruwan, rani da damina. A tilasta wa kowace masana'anta ta buɗe littafi, ga farar ƙasar da muka saya, ga lakar da ta fito, ga inda aka kai ta, lissafin ya hau kan juna, kuma littafin ya zama kowa na iya gani, ba sai jami'i ɗaya da manaja ɗaya a ofis ba.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ake ɓoye wa jama'a fiye da komai musamman a harkar ma'adinai. Masana'anta in ta rufe ruwanta ya tsaya, rami kuwa ba ya tsayawa. Ramin Berkeley, tsohuwar mahaƙa a jihar Montana ta Amurka, an kashe famfunansa a 1982, ya cika da ruwan asid har ya kashe dinya 342 da suka sauka a kansa a 1995, ya sake kashe dubbai a 2016, matatar farar ƙasar da aka gina a gefensa a 2003 kuma ba ta da ranar rufewa. Iron Mountain a Kalifoniya, inda aka taɓa auna ruwan da pH ɗinsa ya faɗi ƙasa da sifili saboda tsananin tsami, tun 1994 ake ɗura masa farar ƙasa dare da rana. A yankin Johannesburg ruwan tsofaffin ramukan zinariya ya fara ɓullowa sama a 2002, sai da hukuma ta gina manyan matatu a Germiston da Springs, kamfanonin da suka kwashi zinariyar da yawansu sun daɗe da watsewa. Don haka duk lasisin da za a bayar, a karɓi kuɗin farar ƙasa da na ramin laka na shekaru masu yawa a ajiye tun kamfani na da rai, a asusun da ba zai iya taɓawa ba ko da ya karye. Ingila da duk arzikinta ba ta yi wannan ba a Wheal Jane, mahaƙar kuza ta Cornwall da aka rufe a 1991, ruwanta ya ɓalle a Janairun 1992 ya rina bakin teku, aka gina matata a 2000, kuma har yanzu daga aljihun gwamnati ake sayen farar ƙasar da ake zuba mata.